Panigale V2, RS 660 ko R7: wane mai silinda biyu ne ya dace da titin Legas?

Wani yayana da muke zama majalisa ɗaya a Agege ya sayar da babban mashin ɗinsa mai silinda huɗu bayan shekara bakwai yana kansa. Ba lalacewa ya yi ba. Cewa ya yi ya gaji da injin da ba ya nuna halinsa sai allura ta haura juyin inji dubu goma a minti, alhali daga Agege zuwa Ikeja da wuya ka samu mita ɗari biyu a jere babu danfo ko Keke a gabanka. Muna shan shayi bayan isha'i ya dube ni ya ce, "Ƙanena, mai silinda biyu nake so yanzu. Kai da ka hau su, gaya mini tsakani da Allah, wanne zan zuba kuɗina a kai?" Guda uku ya rubuta a wayarsa: Ducati Panigale V2, Aprilia RS 660, da Yamaha R7. Amsar da na ba shi a daren gajeruwa ce. Wannan ita ce doguwar, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba.

Maganar tawa ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa ce. Wanda bai shekara biyu zuwa uku a kan babban mashin ba, ko ɗaya daga cikin ukun nan ba na ba shi shawarar ya fara da shi, har R7 ɗin da ake kira mai sauƙin kai.

Me ya sa gogaggen mahayi ke komawa silinda biyu bayan ya ɗanɗana huɗu? Dalilin yana cikin inda ƙarfin injin yake zaune. Mai silinda huɗu ɗan cc 600 yana tara ƙarfinsa can sama, sai ka murɗa shi ya yi kururuwa sannan ya ba ka abin da ka saya. Mai silinda biyu fistan ɗinsa manya ne, kowane bugu ɗaya da nauyinsa, don haka tun daga ƙasa da tsakiya yake turo ka. Kana giya ta uku a bayan tirela, ka hango sarari, ka ɗan taɓa totur, shi ke nan ka wuce, ba sai ka sauke giya biyu ba. Ga shi siriri tsakanin cinyoyi, abin da duk mai ratsa cunkoson Oshodi ya san darajarsa.

Akwai kuma wani abu da ya haɗa babura ukun nan, wanda masu saye da yawa ba su lura da shi ba. Injin Ducati silindojinsa biyu a buɗe suke kamar harafin L, kusurwar digiri 90 tsakaninsu. Na Aprilia da na Yamaha kuwa a jere suke kafaɗa da kafaɗa, amma an karkata hannayen karanshaf ɗinsu da digiri 270. Sakamakon iri ɗaya ne: silinda ta farko ta buga, bayan digiri 270 ta biyu ta buga, sannan a yi ɗan dogon shiru na digiri 450 kafin a sake. Wannan bugun mai ɗingishi shi ne ke ba su muryar nan mai kauri kamar ganga, kuma shi ne ke sa mahayi ya ji abin da tayar baya ke yi a ƙarƙashinsa lokacin fita daga kwana. Ninja 650 na Kawasaki shi ma silinda biyu ne a jere, amma karanshaf ɗinsa na digiri 180 ne, shi ya sa sautinsa da halinsa suka bambanta. To, bugun zuciyar ukun nan ɗaya ne. Bambancinsu yana wajen yawan ƙarfi, zafi, irin man da suke so, da irin hannun da ke iya taɓa su.

Bari in fara da wanda zuciyar Yaya ta fi karkata gare shi, don ni ma tawa ta daɗe a can.

Panigale V2, wanda aka yi daga 2020 zuwa 2024, injinsa cc 955 ne, ƙarfin doki 155 a juyi 10,750 cikin minti ɗaya, ƙarfin murɗa Nm 104 a juyi 9,000. Da mai da komai yana kai kilo 200, tankinsa lita 17. Sunansa daga unguwar Borgo Panigale ya samo, a birnin Bologna na Italiya, inda masana'antar take. Kuma ba shi kaɗai ya faɗo daga sama ba, jika ne a wani gida mai tarihi. Ducati 916 da Massimo Tamburini ya zana ya fito a 1994, a kan wannan zuriya Carl Fogarty ya ci kambun duniya na Superbike sau huɗu, a 1994, 1995, 1998 da 1999, Troy Bayliss kuma ya ci sau uku. Shi kansa Panigale V2 ɗin, a kansa Nicolò Bulega ya ɗauki kambun duniya na ajin Supersport a 2023, Adrián Huertas ya maimaita a 2024. Idan mutum ya ce yana son wannan babur, ba kwaɗayin banza yake yi ba.

Na hau shi wata Lahadi da sassafe, na wani abokinmu, daga Ajah muka miƙi hanyar Epe kafin tifofin yashi su fito. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda gaban babur ɗin ke manne da kwalta. Ka kalli inda kake so ka bi, ka ɗan jingina, ya riga ya shiga. Birkin Brembo na gaba yatsa ɗaya ya ishe shi. Daga juyi dubu bakwai zuwa sama sautin ya sauya, ya tashi daga gurnani ya koma wani abu kamar yagewar sabon yadi, sai ka ji hular kwano tana danna maka goshi. Da muka tsaya wajen masu kifi a bakin ruwan Epe na cire safar hannu, na tarar tafin hannuna yana rawa, ba don tsoro ba. Minti ashirin ɗin nan sun fi duk wani hawa da na yi a shekarar.

Amma minti ashirin ne, kuma ranar Lahadi ce da ƙarfe shida da rabi na safe. Sauran kwana shida na mako fa?

Faɗin fistan ɗin wannan inji milimita 100 ne, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 60.8 kacal. Injin da aka ƙera haka juyi yake so. A ƙasa da juyi dubu huɗu yana ƙyaƙƙyafawa, sai ka riƙa lallaɓa shi da kuloci. Ma'ana, abin da Yaya ya gudo wa a silinda huɗu, wani yankinsa yana jiransa a nan. Sai zafi. Duk wanda ya san wannan babur ya san silindar baya da bututun salansarta a ƙarƙashin mazaunin mahayi suke. A ƙasar da ake sanyi rabin shekara ma masu shi suna maganar wannan zafi, balle a kan titin Ikorodu da ƙarfe biyun rana a watan Maris, kana tsakanin danfo biyu, iska ba ta shiga lagireto sai abin da fanka ta jawo. Tsayin mazauninsa milimita 840, hannayensa can ƙasa, nauyin ƙirjinka duka a kan wuyan hannu. A gudun kilomita 120 iska ke ɗauke maka wannan nauyi. A gudun kilomita 15 babu mai ɗauke maka.

Sannan ga Desmo. A yawancin injuna, kam ne ke danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi ya rufe. A tsarin da injiniya Fabio Taglioni ya kawo wa Ducati tun 1956, babu jiran sifirin: hannu ɗaya na ƙarfe ke buɗe bawul, wani hannun daban ya ja shi ya rufe. Dabara ce mai kyau, tana hana bawul yin sakaci a babban juyi. Sai dai bawul takwas ne a injin, kowanne da tazara biyu da za a auna, ta buɗewa da ta rufewa, awo 16 ke nan, duk bayan kilomita 24,000. Kuma Panigale ba shi da firam irin wanda muka saba gani. Injin ne kansa ƙashin bayan babur ɗin, akwatin iska na alminiyam ya ɗaure a kansa ya riƙe gaba. Kafin bakanike ya kai ga kawunan silinda sai ya kwance abubuwa da yawa. Wannan ba aikin da za ka miƙa wa wanda ya saba da Bajaj da Jincheng ba ne, komai basirarsa, kuma cikinsu akwai masu basira ƙwarai. Aiki ne na mai kayan awo, mai littafin kamfani, mai kwamfutar da za ta yi magana da ƙwaƙwalwar babur. Akwai irinsu a Legas, amma ba su da yawa, kuma kafin ka saya ya kamata ka san sunan naka da inda shagonsa yake.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne matakin da kamfanin Ducati da kansa ya ɗauka. Sabon Panigale V2 na 2025 injinsa ya sauka zuwa cc 890, ƙarfin doki ya sauka zuwa 120, an ajiye Desmo an koma sifirin, an sa tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul ɗin shan iska don ƙarfin ya bazu tun daga ƙasa, an rage nauyi, an ɗaga hannaye, an tsawaita tazarar awon bawul. Doki 35 suka zubar da gangan. Mutanen da suka fi kowa sanin wannan inji sun duba yadda ake hawansa a titi, suka ga ƙarfin da ba ka iya kaiwa gare shi ba shi da amfani a gare ka. Wanda aljihunsa zai kai ga wannan sabon, to lissafinsa ya sauya sosai, don ya fi tsohon dacewa da rayuwarmu nesa ba kusa ba. Sai dai wanda ke yawo a hannun masu shigo da tokumbo yanzu, tsohon ne mai cc 955, kuma shi Yaya yake nufi.

Aprilia RS 660 ya fito a ƙarshen 2020. Injinsa cc 659, an samo tsarinsa daga silindojin gaba biyu na babban wansa RSV4. Ƙarfin doki 100 a juyi 10,500, ƙarfin murɗa Nm 67 a juyi 8,500, nauyi kilo 183 da mai a ciki, tanki lita 15, mazauni milimita 820. Na 2025 an ƙara masa ya kai doki 105. A takarda sai ka ce ai rabin hanya ne kawai tsakanin sauran biyun. A kan titi ba haka yake ba, domin akwai abu biyu da ya keɓanta da su.

Na farko zama. Hannayensa a ɗage suke fiye da na sauran, ƙafafu ba a naɗe suke sosai ba. Kana iya ɗaga kai ka hango abin da ke faruwa gaban mota uku, kuma a Legas hangen nan shi ne rabin tsira. Wanda ya taɓa gangarowa daga Berger zuwa doguwar gadar Kara da yamma, lokacin da motocin shanu ke juyawa, masu talla na tsallakawa, ya san mahayin da ya dunƙule kansa a bayan gilashi ba ya ganin komai sai bamban motar da ke gabansa.

Na biyu ƙwaƙwalwa. RS 660 yana ɗauke da na'urar da ke auna karkatar babur ta kowace fuska, tana gaya wa birkin ABS, mai hana taya kullewa, da mai hana tayar baya sulɓewa cewa a jingine kake, don su yi aiki daidai da haka. Yana da mai hana gaba ɗagawa, da sauya giya sama da ƙasa ba tare da kama kuloci ba, har da mai riƙe gudu a doguwar hanya. Panigale ma yana da na'urar auna karkata da yawancin waɗannan. Amma samun su a babur mai wannan nauyi da wannan farashi shi ne abin da ya sa RS 660 ya girgiza ajinsa. Na san akwai tsofaffin hannu da ke cewa ƙwararre ba ya buƙatar kwamfuta ta riƙe masa taya. A kan kwalta mai tsabta ina iya yarda da su. Amma ƙwarewa ba ta ganin gas ɗin da tanka ta zubar a kwanar gada da daddare, ba ta ganin yashin da tifa ta watsa a shataletale bayan Sangotedo, ba ta ganin ruwan farko na Afrilu da ke ɗago man da ya kwanta a titi tun rani. Sau ɗaya wannan na'ura za ta yi maka aiki a shekara ta biya kuɗinta.

Na ga haka da idona a kan wani babur mai irin wannan tsari. Muna dawowa daga Abeokuta, an yi yayyafi an ɗauke, wanda ke gabana ya buɗe totur yana fita daga wata kwana mai faɗi. Na ga tayar bayansa ta zame kamar taki ɗaya zuwa gefe, na ji injin ya yi wata 'yar shaƙewa, babur ya miƙe ya ci gaba. Da muka tsaya shan ruwa ya ce shi dai ya ga wata fitila ruwan ɗorawa ta ƙyafta, bai san abin ya kai haka ba. Ni da ke baya ni na san abin da aka tsallake.

Inda RS 660 ke neman a yi masa hattara shi ne mai da kayan gyara. Matsin injinsa, wato yadda fistan ke matse iska da mai, 13.5 ne, ya ma fi na Panigale da ke 12.5, kuma dukansu biyu fetur mai lambar oktan 95 kamfanoninsu suka rubuta. Mu kuwa fetur iri ɗaya ake sayar mana a famfo, ba zaɓi. Injin mai matsi sosai ba ya son raunanan mai, musamman in an haɗa da zafin rana da jan giya babba a ƙaramin gudu. Masu irin waɗannan babura a nan suna zaɓar gidan mai ɗaya ko biyu da suka amince da su, wasu suna ƙara maganin ɗaga oktan. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata wa mutane motoci a Legas da Abuja. Ni kaina wani gidan mai a hanyar Badagry ya taɓa zuba mini mai haɗe da ruwa. Kwana uku babur na yana shago, aka sauke tanki aka wanke famfon mai da nozul. Tun daga ranar ba na shan mai a inda ban sani ba sai dole. Game da kayan gyara kuwa, abin da ya fashe a jikin Aprilia ko Ducati, ko da marfin gefe ne, galibi sai an yi odarsa daga Turai ko Amurka, da dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san abin da dala ke nufi. Wanda zai sayi RS 660 na 2021 ya kuma bincika lambar shasinsa, domin a shekarar kamfanin ya janye wasu daga cikin na farko saboda matsalar ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf. A tabbatar an yi wa wannan ɗin aikin ko kuma ba ya cikin waɗanda abin ya shafa.

Yamaha R7 maganarsa ba ta da tsawo, kuma wannan yabo ne. Ya fito a 2021 da injin CP2 mai cc 689, wanda ke cikin babur ɗin Yamaha MT-07 tun 2014, kuma shi ne a cikin Ténéré 700 da mutane ke ratsa sahara da shi. Ƙarfin doki 73, ƙarfin murɗa Nm 67, daidai da na Aprilia, amma shi a juyi 6,500 yake bayar da nasa, wato juyi dubu biyu kafin Aprilia ya kai. A cikin gari wannan shi ne abin da hannunka ke ji. Matsinsa 11.5, yana shan fetur na gama-gari ba gardama. Awon bawul sai kusan kilomita 40,000. Nauyi kilo 188, tanki lita 13. Na shekarun farko totur ɗinsa na waya ne, ba shi da mai hana taya sulɓewa, ABS kawai gare shi. Abin da zai lalace kaɗan ne, wanda zai iya gyara shi kuma da yawa. Saboda injin yana cikin babura iri-iri da aka sayar da yawa a duniya, matatar baƙin mai, fulogi, da farantan kuloci ba sa wahalar samu kamar na sauran.

Abu biyu ne ke rage masa daraja a idona. Zamansa ya fi na RS 660 takura, hannayensa a ƙasa suke sosai, mazauni milimita 835, wato kana shan wahalar zaman babur ɗin tsere ba tare da ƙarfin babur ɗin tsere ba. Sannan ga wanda ya sauko daga silinda huɗu mai doki sama da ɗari, R7 yana ƙarewa da wuri. Ka hau hanyar Ibadan ka buɗe shi, kafin ranka ya gama cewa bismillah allura ta kai iyaka. Wani wannan ba ya damunsa, har ma kariya ce gare shi. Yaya kuwa na san halinsa, wata shida zai yi ya fara leƙen na wasu. Wanda ke son sauƙin kai irin na Japan amma da zama mai daɗi, ya duba Suzuki GSX-8R na 2024: cc 776, doki 83, Nm 78, sai dai ya fi su nauyi, kilo 205.

Wajen kuɗi ba zan ambaci naira ba, don abin da na rubuta yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Amma farashin fitowarsu a Amurka yana nuna tazarar: R7 dala 8,999, RS 660 dala 11,299, Panigale V2 dala 16,495. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastan a Apapa ko Tin Can suna hawa a kan wannan. Shan mai kuma, bisa alƙaluman kamfanonin, R7 lita 4.2 a kilomita 100, RS 660 lita 4.9, Panigale lita 6. In ka raba da girman tankinsu sai ka ga dukansu kusan kilomita 300 suke yi, Panigale ya ɗan gaza. Hanyar Legas zuwa Ibadan kusan kilomita 127 ce, don haka zuwa da dawowa a tanki ɗaya yana yiwuwa in hannunka da sanyi, amma babu mai hawa su da sanyin hannun da aka yi wannan awo da shi. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, wannan bambanci na lita biyu ya zama abin da ake ji a aljihu. Akwai ma wani ƙaramin abu: tayar bayan Aprilia da Yamaha 180/55 ce, wadda kusan duk mai sayar da tayar babban mashin yana da ita, ta Panigale kuwa 180/60 ce, sai an nema.

Maganar doka ma a yi ta. Tun dokar zirga-zirga ta 2012 aka hana babura masu ƙasa da cc 200 hawa manyan hanyoyi da gadoji. An tsaurara hana acaɓa a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka haramta shi gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. 'Yan'uwanmu da yawa daga Arewa sun rasa abin yi a wannan lokaci, kuma abin yana ci mini rai har yau. Babban mashin na hawan kai ba shi ne abin da aka yi dokar dominsa ba, amma kar ka fita sai da lamba, lasisin babur, inshora, takardar kwastan da hular kwano ta gaske. Cikakkiyar takarda ita ce ke gajarta tsayuwa a bakin hanya.

To, me na ce wa Yaya? Na ce masa, "Yaya, in da kana da wani abin hawan na yau da kullum, kuma abin da kake nema shi ne na safiyar Lahadi kawai, da ban hana ka Panigale ba, don babu wanda zai ba ka abin da yake bayarwa. In kuma so kake ka sa mukulli kullum ya tashi, ba ruwanka da odar kaya daga waje, R7 ne. Amma kai babur ɗaya za ka riƙe, da shi za ka je Ikeja ranar Talata, da shi za ka je Epe ranar Lahadi, kuma hannunka ya saba da ƙarfi. RS 660 ne naka." Doki ɗari a jikin kilo 183 ƙarfi ne da gogaggen mahayi zai iya cinye mafi yawansa a titunanmu, zamansa ba ya karya baya, kuma na'urorinsa an yi su ne kamar don titin da ba ka san abin da aka zubar a kansa ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ya fara nemo bakaniken da ke da kwamfutar da ke karanta Aprilia, su zauna su yi magana, kafin ya biya ko kobo. In bai samu ba, ya koma R7 ba tare da jin kunya ba.

Ya samu. Ranar Asabar za mu je ganin wani na 2022 da aka shigo da shi daga Amurka. Yawancin irin waɗannan daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, wato sun taɓa faɗuwa, don haka na ce wa mai shi kar ya tayar da injin kafin mu iso, ina so in taɓa shi da sanyinsa in ji yadda yake tashi. Zan duba 'yan ƙarafunan da ke tare kan babur in ya juya iyaka, hagu da dama, don in an yi karo su ne ke fara lanƙwasa ko tsagewa. Zan sa tocila in leƙa ƙarƙashin sababbin marafan roba, in ga ko gefen injin da ƙarshen hannaye suna da kurjin kwalta. Zan shafa bututun shokozoba na gaba da farin ƙyalle in ga ko yana gumin mai, in juya tayoyi in kalli ko rim yana rawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara biyar, ko zanenta sabo fil ne, kuɗin sabuwa za mu cire daga farashi. Mukulli biyu za mu nema, da takardar kwastan mai lambar shasi daidai da wadda ke jikin firam. Bakaniken zai zo da kwamfutarsa ya karanta abin da ƙwaƙwalwar babur ɗin ta adana, sannan Yaya ya hau shi daga nan zuwa Ikeja cikin zafin rana, ya dawo ya gaya mini abin da cinyoyinsa da wuyan hannunsa suka ce.